Kwalba Ɗaya, Mutum Goma

Duk Hayin Dogo babu wanda ya taɓa jin muryar Malam Kefas ta yi rawa. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da lissafi a wata sakandare a Samaru, shekara bakwai yana riƙe da muƙamin magatakardan ikkilisiyarsu. Idan ya miƙe karanta sanarwa ran Lahadi, ko an ɗauke wuta bai dame shi ba, mai sayar da rake a bakin titi ma sai ya san ranar da za a yi taron dattawa. Shi ne ya taɓa kashe maciji a ofishin fasto da takalminsa, ya mayar da takalmin ƙafa, ya ci gaba da rubutu.

Amma fa kada a nuna masa allura. Tun yana ɗan shekara takwas, ranar da ƙarti huɗu suka danne shi aka soka masa ta zazzaɓi a ɗuwawu, ya yi wa kansa alkawari an gama. Kowace irin cuta ta kama shi sai ya ce wa likita ƙwaya ta fi karɓar jininsa. Kuma ya haƙiƙance babu mahalukin da ya san wannan sirri, har matarsa Ƙauna, wadda suka shekara goma sha tara suna cin tuwo a kwano ɗaya.

To, sai aka kawo rigakafin korona, fasto ya miƙa masa takarda ya ce a riƙa tuna wa jama'a. Malam Kefas kuwa ba ya karanta sanarwa gayanta, sai ya zuba mata gishiri da yaji. Lahadi shida a jere yana ɗaga yatsa yana cewa tsoron allura ba na mai bi ba ne. A ta shidan, Mama Clara, tsohuwar da ke shugabantar Zumuntar Mata, ta ɗaga hannu daga benci na biyu.

"Magatakarda, yi haƙuri na katse ka. Kai ka yi?"

Da ya yi shiru da an wuce wurin, amma ina, bakin da ya saba ba ya tsayawa shawara da mai shi.

"Lahadi mai zuwa katin rigakafina zai zo nan, in ɗaga shi sama, na baya ma ya gani!"

"To madalla," in ji Mama Clara. "Ran da ka yi, mu ma za mu yi." Mata suka amsa da amin mai ƙarfi.

Kwana huɗu abinci ba ya masa daɗi. Ran Juma'a makaranta ta ba da hutun tsakiyar zango, ya ga in ba yau ba, babu wata rana. Akwai wurin rigakafi a nan Samaru, tafiyar minti biyar a ƙafa, amma rabin ma'aikatan wurin iyayen ɗalibansa ne. Sai ya yanke shawara ya tafi can ƙuryar Sabon Gari inda ba a san shi ba, in ihu ne ya yi abinsa, in suma ce ya suma, ya farfaɗo, ya karɓi kati ya dawo gida da mutuncinsa.

Kuskurensa na farko shi ne da ya buɗe baki a tsakar gida gaban Ƙauna.

"Maman Happiness, zan ɗan leƙa Sabon Gari, akwai wani uzuri."

"Sabon Gari? Kai, Allah ya kawo! Tsaya."

Ai mutumin Samaru ba ya furta Sabon Gari ya fita hannu rabbana. Kafin ya ɗaure igiyar takalmi sallahu ya taru. Ta ce ya biya wurin Clementina tela ya karɓo ɗinkin da ta riƙe wata guda. Ya kai fankar ɗaki wurin Ogbonna mai gyara, tunda ta koma juyawa sai an tura ta da tsinke. Ya sayo manja galan ɗaya da busasshen kifi, amma wurin matar nan mai tabo a goshi, kada ya kuskura ya saya wurin ta kusa da ita. Matar maƙwabci ta jiyo ta katanga, ta miƙo tata jarkar manjan ba ko kunya. Haka magatakarda guda ya fito titi da fanka mai tsayuwa a kafaɗa da jarka biyu a hannu.

A cikin bas fankar ta zauna a cinyarsa, kanta ya leƙa ta taga. Daga Samaru har Hanwa yana addu'a a zuci. Daga Kwangila zuwa PZ kuma ya koma tunanin ko akwai wanda ya taɓa mutuwa saboda tsoro zalla, in kuwa akwai, wa zai karanta sanarwar jana'izarsa.

Ɗakin shan maganin da ya zaɓa yana wani lungu bayan kasuwa, sai ka tsallake kwata biyu ka wuce masu niƙa. Da ya leƙa ya ga benci wayam, babu kowa sai wata ma'aikaciyar jinya mai ƙiba tana ɓare gyaɗa, sai ya ji wani sanyi a ransa. Sunanta Sista Adeola, haihuwar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta Tudun Wada.

"Sannu da aiki, Sista. Rigakafi na zo." Ya faɗa ƙasa-ƙasa, yana waige.

"Sannu, Malam. Kai da wa?"

"Ni kaɗai."

"To zauna ka jira mutum tara."

Ya ajiye fanka. "Ban gane ba."

Ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta buɗe akwatin sanyi, ta ɗago wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba. "Ka ga wannan? Ta mutum goma ce. In na fasa ta, awowi kaɗan gare ta, abin da ya rage sai zubarwa. Ba zan fasa saboda mutum ɗaya in zubar da na tara ba. Tun safe kai ne na biyu. Na farkon ya gaji ya tafi."

"To gobe fa?"

"Gobe Asabar, ba ma fitowa. Yau ma ƙarfe huɗu na rufe."

Abin da ya fara zuwa masa murna ce, tsakani da Allah. Har ya ɗaga ido sama zai yi godiya. Sai fuskar Mama Clara ta faɗo masa, da hannun nan nata a sama, murnar ta koma ciki. Ya matso kusa da tebur, ya rage murya.

"Sista, shi katin... ba a ɗan rubuta wa mutum, daga baya ya dawo ya yi?"

Kallonsa kawai ta yi daga hula har takalmi, ta jefa gyaɗa a baki. Malam Kefas ya ji kunyar da rabonsa da irinta tun yana saurayi.

"Wasa nake yi," ya ce.

"Na sani. Je ka nemo tara."

Ka ji fa! Mutumin da ya tsallake gari guda don kada ido ɗaya ya gan shi, shi ne aka aika ya tara shaidu da kansa. Ya saɓa fanka ya fita yana gunaguni.

Ogbonna yana zaune a shagonsa cikin tulin matattun fankoki da dutsen guga, yana cin doya da wasu maƙwabtansa biyu masu sayar da waya da kwan lantarki. Ya karɓi fankar ya juya ta da yatsa.

"Oga Ticha, wannan ta gaji. Sai an canza mata koyil."

"Bar fanka tukuna. Ogbonna, ka yi rigakafi?"

"Ni? Ina na ga lokaci?"

Nan fa Malam Kefas ya gyara tsayuwa, muryar sanarwa ta taso da kanta. Ya yi maganar iyali, ya yi maganar kasuwa da za a iya sake rufewa, ya yi maganar tafiya gida Kirsimeti da shingayen hanya. Da ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce shi dai allura ce ba ya so, sai malamin ya yi wata dariya har da riƙe ciki.

"Allura? Ƙato kamarka? Cizon sauro ya fi ta zafi! Ni da kake gani, ina hira ake yi mini, sai dai a ce Malam an gama."

Ƙarya ce tsagwaronta. Amma magana ta shiga. Ogbonna ya wanke hannu, ya ja ƙofar shago, su uku suka biyo shi. Fankar ma aka fito da ita, don Ogbonna ya ce ba ya barin kayan da bai rubuta ba a shago.

A shagon Clementina ya tarar da mata uku zaune sun haɗe rai, kowacce ta zo karɓar ɗinkin da aka ce mata jiya an gama. Ɗinkin Ƙauna kuwa yana nan a kan tebur yadda aka kawo shi, ko almakashi bai gani ba. Clementina tana jin maganar rigakafi ta miƙe zumbur, ta ce lafiya ai ita ce gaba da komai, ta ɗauki jaka. Matan uku suka ce ƙafarsu ƙafarta, ba za ta ɓace musu yau ma ba. Bakwai ke nan.

Mai kifi mai tabo a goshi ta ce za ta je in ya sayi na manya. Ya saya. Mai manja ta ce ba za a bar ta ita kaɗai tana gadin rumfar wata ba. Malamin lissafi ya ƙirga da yatsa sau biyu, tara cif, da shi goma. Aka tsayar da keke mai ƙafa uku guda biyu aka cusu, jarkoki a ƙarƙashin ƙafa, fanka a tsakiya. Ko a cikin keken bai yi shiru ba, wa'azin rigakafi yake yi da ƙarfi, don ya lura in ya rufe baki haƙoransa haɗuwa suke yi. Direban, wani siriri mai suna Felix, sai gyaɗa kai yake yana cewa, "Gaskiya ne, Baba."

Sista Adeola ta ga ayari ta ture gyaɗa gefe. "Kai, Malam, da kai muke da shi a nan ai da mun gama da Sabon Gari tun bara." Ta wanke hannu, ta fasa kwalba. "Bismillah, kai ka kawo su, kai za ka fara."

"Haba, Sista! Ga mata a tsaye? Ba tarbiyyarmu ba ce."

Mata suka fara. Ya zama shi ne mai tsara layi, shi ne mai riƙe jakunkuna, shi ne mai cewa "saki jikinki, 'yar'uwa" alhali idonsa na kan silin yana ƙirga ƙusoshi. Da mata shida suka gama ya ce 'yan kasuwa su wuce, sun bar shago. Ogbonna ya zauna, aka yi masa yana amsa waya. Na takwas ya zauna. Da na tara ya fara naɗe hannun riga, Malam Kefas ya matso kusa da tebur.

"Sista, ina ne bayan gida?"

"Ta baya, hannun hagu. Yi sauri."

Ya shiga ya saka sakata. Ba abin da ya yi a ciki sai tsayuwa. Ya karanta Addu'ar Ubangiji, ya maimaita. Ya yi wa kansa faɗa da sunan da mahaifiyarsa ke kiransa. Ya kama sakatar ya sake ta ya fi sau biyar. Ya jiyo Sista tana kiran "Na goma! Ina na goma?" har sau uku, ya ce a ransa bari dai numfashinsa ya daidaita. Da ya fito, minti ashirin sun wuce.

Abin da ya tarar shi ne Felix direban keke zaune a benci, ya danne damtse da auduga, yana washe baki.

"Baba, Allah ya saka! Maganarka ce ta shige ni. Na ji ana ta kiran na goma ba kowa, na ce bari in taimaka."

Sista Adeola ta ɗaga kwalbar ta kife ta. Ko ɗigo.

"Na kira ka, Malam. Allura tana hannuna, ba zan tsaya da ita ba."

"To... ni fa?"

"Kai ne na ɗaya a sabuwar kwalba. Saura tara."

Jama'a suka huta mintocin da aka ce su huta, suka watse kowa da katinsa. Ogbonna ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Oga Ticha, ka iya magana," ya tafi ya manta da fankar. Clementina ta sulale ta ƙofar baya, matan uku suka rufa mata baya. Agogon bango ya nuna biyu da kwata.

Ya fita bakin lungu ya gwada sa'a da masu wucewa. Amma wa zai tsaya wa mutumin da ya jiƙe sharkaf da gumi, yana warin kifi, yana tare mutane yana cewa su zo a yi musu allura a lungu? Wata mata ta ja ɗanta ta tsallaka kwata. Wani dattijo ya ba shi shawara ya je gida ya kwanta. Ya dawo ya zube a benci tsakanin jarkokin manja.

"Malam," in ji Sista, ba ta ko ɗago ba, "tsoro kake ji."

"Ni?"

"Shekarata ashirin ina soka wa mutane allura. Tun da ka shigo kake kallon ko'ina ban da hannuna."

Ya zauna yana lissafi, kuma lissafin bai da wuya. Duk wanda ya sani a Sabon Gari ya riga ya kawo shi. Wuri ɗaya ya rage a duniya inda mutum tara za su taso saboda shi cikin awa guda, kuma wurin ne ya gudo wa tun safe. In bai kira ba, jibi zai tsaya gaban ikkilisiya hannu wofi, maƙaryaci. In ya kira, za su gan shi yadda yake. Ya daɗe yana juya wayar a hannu kafin ya danna lambar Ƙauna.

"Baban Happiness, ka samu kifin?"

"Na samu. Maman Happiness... kina ina?"

"Muna majami'a, koyon waƙa. Lafiya? Me ya samu muryarka?"

Sai kawai ya faɗa mata. Ya faɗi kwalba, ya faɗi bayan gida, ya faɗi Felix. Daga ƙarshe ya runtse ido ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. "Tsoron allura nake ji, Ƙauna. Tun ina yaro. Ji nake kamar zan mutu."



"Wane lungu ne?" ta ce. Ya kwatanta. "Zauna nan. Kada ka sake ka shiga bayan gidan nan."

Ƙarfe huɗu saura ashirin wata bas ta tsaya a bakin lungu. Mata tara suka sauko cikin ankon Zumunta, ɗankwali iri ɗaya, wata da fulas ɗin kunu, wata da lemo a leda, wata rungume da littafin waƙoƙi. Tafe suke a hankali, fuska a sunkuye, irin tafiyar da suke yi in sun je dubiya. Mama Clara ce a gaba, tana dogara lema.

"Wayyo, Magatakarda! Me ya same ka? Maman Happiness ta ce kana asibiti, ko magana ba ka iya yi sosai. Mu durƙusa, 'yan'uwa."

"Ba sai kun durƙusa ba, Mama," in ji Sista Adeola. Ta miƙe tana nuna su da biro ɗaya bayan ɗaya. "Bakwai, takwas, tara. Da shi goma. Allah ya yi muku albarka." Ta buɗe akwatin sanyi.

Mama Clara ta kalli akwatin, ta kalli 'yar kwalbar, ta juyo ta kalli Ƙauna.

"Maman Happiness, mene ne wannan?"

"Ƙarya na yi, Mama? Ba ga shi a asibiti ba? Kuma ku kuka ce a gaban bagadin majami'a, ran da ya yi za ku yi. Yau zai yi."

"Ni na bar wake a wuta," in ji wata daga baya.

"Ni jinina ya hau tun jiya," in ji wata.

"Ba dole," in ji Sista. "Wadda ba ta so ta koma mota. Amma in kun kasa goma, kwalba ba za ta fasu ba, shi ma ba zai samu ba."

Nan Mama Clara ta buga lema a ƙasa, abin da ke cikinta ya fito ba shiri.

"Ai mun faɗa ne don mun san ba zai yi ba! Wa bai san Magatakarda da allura ba? Ran da aka zo neman jini saboda matar fasto, wa aka tarar a ɗakin janareta ya ce mai yake dubawa? Janaretan da ya shekara ba ya aiki! Mu muka zauna muka ce a jingina abin a kansa, kowa ya huta. Yanzu kuma ki kwaso mu da kununmu?"

Malam Kefas ya miƙe a hankali. Ya bi fuskokin matan da kallo, kowacce ta kawar da kai, wata tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Duk kun sani?"

"Har 'yan kwaya masu waƙa," in ji mai fulas, cikin tausayi.

Ya juya ga matarsa. "Ke ma?"

"Baban Happiness, ran da na haifi Happiness, ni aka yi wa allura, kai aka yi wa fifita."

"Yunwa ce! Na gaya miki yunwa ce!"

"Ka gaya mini," ta ce a hankali.

Kunya ta fara rufe shi, har kunnuwansa suka yi zafi. Shekara talatin da wani abu yana dakon wannan kaya a ɓoye, yana ƙara murya, yana kashe maciji, ashe kowa na gani ana yi masa kara. Sai kuma haushi ya biyo baya, haushi na gaske. Wato Lahadi shida yana zubar da yawu a kan bagadi, su kuwa suna zaune suna amin, sun mai da shi katangar da suke fakewa!

Ya cire agogo ya miƙa wa Ƙauna, ko me ya sa, oho. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Ya taka zuwa kujerar ya zauna daram.

"Sista, fasa kwalbar. Mama, kuna nan ko kuna komawa mota?"

Ba wadda ta motsa. Mama Clara ta ja dogon tsaki, ta ce, "Fasa."

Jarumtar tasa ta kai daidai lokacin da ya ji ƙarar yage ledar sirinji. Daga nan ta ƙare.

"Ƙauna, riƙe ni. Riƙe ni da kyau!"

Ta rungumo kansa ta manna a cikinta, ta toshe masa ido da gefen zaninta. Wani abu mai sanyi ya taɓa damtsensa. Malam Kefas ya kurma ihun da ya sa masu niƙa a waje suka kashe inji.

"Yesu! Na mutu! Wayyo Inna!"

"Auduga ce, Malam," in ji Sista. "Ban fara ba."

Ya ja numfashi zai ba da amsa, ta soka. Ihu na biyu ya fi na farko, har da shure-shure, takalmi ɗaya ya tashi ya bugi jarkar manja. Da Ƙauna ta sake shi, hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarsa, hanci na zuba, gaban rigar ankonta ya jiƙe.

Ya jira dariya. Ya sunkuyar da kai yana jira ta fashe. Ba ta zo ba. Da ya ɗago, kowace mace ta dafe nata damtsen, ido ya yi zuru-zuru, mai littafin waƙoƙi tana motsa baki ba sauti. Sista ta rubuta kati ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba sunansa, ya sake dubawa. Wurin yana masa zafi ƙwarai, ƙarya yake yi da ya ce sauro ya fi. Amma ga shi zaune da ransa, matarsa tana share masa fuska da bakin ɗankwali a gaban mutane, kuma ya ga bai damu ba.

"Na biyu," in ji Sista.

Mata suka dubi shugabarsu. Mama Clara ta miƙa lemarta ga ta kusa, ta tako kamar mai tafiya a kan ƙaya, ta zauna a bakin kujerar. Tsohuwar da ta haifi tara, ta binne miji, take tsawata wa fasto in wa'azi ya yi tsawo, sai ga leɓenta yana rawa.

"Ni ma tun ina budurwa rabona da ita," ta ce, murya can ƙasa. "Kada ku kalle ni."

Malam Kefas ya tashi da takalmi ɗaya, ya zo ya durƙusa a gefenta.

"Mama, da zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki yi ihunki. Ga ni nan, ki riƙe ni."

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Sista ta goga auduga. Mama Clara ta runtse ido, ta kai hannu ta cafko shi da dukkan ƙarfinta, daidai damtsen da aka soka wa allura.

Tare suka yi ihun, kuma bai janye hannun ba sai da aka gama.